Wasiƙa zuwa ga ɗana mai shirin tafiya karatu Masar

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan alheri, mahaifiyarka ta shaida mini biza ta fito, saura tikiti. Alhamdu lillahi. Na rubuto maka ne don ka riƙe takardar nan, ka sake dubawa bayan ka sauka Alƙahira.

Abin da ya fi damuna shi ne kunyarka. Na san ka, ba ka iya ce wa babba a'a. A gida wannan tarbiyya ce, kuma ina alfahari da ita, amma a filin jirgi tana iya kai mutum kurkuku. Da zarar an ji za ka tafi, saƙo zai fara zuwa: ga ƙullin yaji, ga kilishi a kai wa wane, ga maganin wani mara lafiya. Duk abin da ba ka kwance da hannunka ka gani da idonka ba, kada ya shiga jakarka, ko da kawunka ne ya kawo. Ka ce ni na hana, a zo a same ni. Magani kuwa, ko ka ga abin da ke ciki, kada ka karɓa. Hukumomin Masar ba sa wasa da tiramadol. A 2017 sun yanke wa wata Baturiyar Ingila ɗaurin shekara 3 saboda an same shi a jakarta, duk da ta ce na ciwon bayan wani ne ta kawo. In kai kanka kana shan wani magani, ka tafi da shi cikin kwalinsa tare da takardar likita.

Akwai ma wanda bai ɗauki kayan kowa ba ya shiga uku. Ka tuna ɗalibar nan tamu da ta je Umara aka kama ta a Madina a Disamba 2018? Wasu miyagu ne suka liƙa sunanta a kan jakar da ba tata ba, cike da ƙwaya, tun daga filin jirgi a nan gida. Sai ƙarshen Afrilu 2019 aka sake ta, bayan bincike ya wanke ta. Don haka ka tsaya da kanka a wurin awon kaya. Ka ƙirga jakunkunanka, ka duba adadin da aka rubuta ya yi daidai, ka ɗauki hotonsu da waya, ka adana 'yan takardun da za a manna maka a tikiti. Kada ka miƙa wa ɗan kamasho fasfonka don ya rage maka layi.

Fasfo ba ya kwana a hannun kowa, ko aboki ko mai gidan haya. Ka yi kwafinsa, da na biza, da katin rigakafin shawara wanda za a tambaye ka a can. Ka bar mana guda, ka ajiye guda a imel ɗinka. In ka isa, maganar iƙama, wato takardar izinin zama, ita ce gaba da komai. Ɗalibai da yawa suna sakaci har izinin zamansu ya ƙare, daga nan kullum cikin fargabar 'yan sanda suke, ga tara ranar fita. Ka kuma je ofishin jakadancin Najeriya da ke Zamalek ka rubuta sunanka, ka shiga ƙungiyar ɗalibai. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu, 2023, da motocin bas aka kwaso yaranmu, suka yi kwanaki a kan iyakar Masar kafin a ɗauko su ta Aswan. A rana irin wannan, wanda aka san da zamansa shi ake fara nema.

Ga wani abu da mutanenmu ba su saba da shi ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu akwai sanyi sosai, kuma gidajen haya da dama suna da na'urar dumama ruwa mai aiki da gas a cikin banɗaki. In babu inda iska ke shiga, tana fitar da guba marar wari marar launi, mutum ya ji jiri, ya faɗi, shi ke nan. Kada ka yi wanka taga a rufe, kada ku kunna gawayi a ɗaki ku kwanta. Lambar motar asibiti 123 ce, ta 'yan sanda 122. Ka haddace su.

Siyasar ƙasar mutane ba taka ba ce. In ka ga taro ya fara hayaniya, ka canza hanya. Kada ka ɗauki hoton soja, ko ɗan sanda, ko gininsu, kuma ka kiyaye abin da kake rubutawa a Facebook. Canjin kuɗi a banki ko ofishin canji mai lasisi kawai, domin na bayan fage laifi ne a dokarsu komai daɗin farashinsa.

Wata rana kuɗi zai yanke maka, wannan babu makawa ga ɗalibi. A lokacin ne wani mai daɗin baki zai zo da labarin aiki a Libiya ko jirgin ruwa zuwa Italiya. Ɗana, ina roƙonka don Allah, ranar da aljihu ya bushe ni za ka kira, ko da tsakar dare ne. Ba zan yi maka faɗa ba. Ko gona ce zan jinginar in turo maka.

Duk Juma'a bayan an sauko masallaci ka kira mahaifiyarka. Ka turo mana adireshin masaukinka da lambar mutum biyu da ke zaune kusa da kai, waɗanda za mu iya nema in wayarka ta ƙi shiga. Allah Ya kai ka lafiya, Ya ba da abin da aka je nema, Ya yi maka albarka.

Wassalam,
Mahaifinka