Godiya Ga Masu Shagon Gyaran Kwamfuta Na Titin Emir Yahaya, Sakkwato

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Na rubuto wannan wasiƙa a fili ne domin in gode wa mai shagon gyaran kwamfuta da ke kan titin Emir Yahaya da yaransa biyu, kan abin da suka yi mini ranar Talatar da ta wuce. Na yi musu godiya baki da baki a shagon, amma raina bai gamsu ba, ina so jama'a ma su ji.

Kwamfutar tafi-da-gidanka ce, ta gida, kowa yana taɓa ta. Abin da nake ji da shi a cikinta takardun kakana ne, rubuce-rubucen ajami da wasiƙun da ya bari, waɗanda gara ta fara ci. Kusan shekara biyu ina ɗaukar hotonsu shafi-shafi ina adanawa. Ran Litinin bayan isha'i na ɗauki shafi huɗu, na zo ajiyewa, sai ta ce babu wuri. Da na duba, sandar nan mai nuna cikar wuri da ke ƙarƙashin sashen C na ma'ajiyar kwamfutar ta koma ja jawur. Ni kuwa ban zuba mata wani abu mai nauyi ba. Na goge bidiyon biki guda biyu masu tsawo, sandar ko motsi ba ta yi ba. Wani maƙwabcina ya ce ƙwayar cuta ce ta shige ta, a yi mata fomat kawai a huta. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Da safe na naɗe ta a cikin darduma na kai shagon. Kafin mai shagon ya taɓa komai, tambayar da ya fara yi mini ita ce: "Baba, mi ka ajiye cikinta wanda ba ka da shi wani wuri?" Na faɗa masa. Ya sa yaronsa ya kwafe hotunan takardun nan kaf zuwa filash, ya buɗe wasu daga ciki a wata kwamfutar na gani da idona, ya miƙo mini ya ce in sa aljihu. Tun daga nan hankalina ya kwanta.

Sannan ya kunna wata manhaja mai suna WinDirStat, wadda take zana duk abin da ke cikin kwamfuta kamar filin da aka yanka fuloti-fuloti, kowane fayil da girman filinsa. Ya jawo mini kujera kusa da shi, yana nunawa da bayan biro.

Babban fili na farko wata folda ce, Windows.old, GB 24. Ashe makon da ya gabata ɗana ya ɗaga kwamfutar daga Windows 10 zuwa Windows 11, tunda an daina tallafa wa ta 10 ɗin tun 14 ga Oktoba, 2025. Idan aka yi haka, tsohuwar manhajar takan zauna a gefe har kwana 10, ko da mutum zai so komawa. Ya bayyana mini cewa in an share ta, hanyar komawa baya cikin sauƙi ta toshe. Sai da ya gwada na'urar buga takarduna da sauran abin da nake aiki da su, ya ga sabuwar ta karɓe su, na ce na yarda, sannan ya share, kuma da abin sharar da ke cikin Windows ɗin kanta ya yi, bai bi da hannu ba.

Na biyu shi ya fi ba ni mamaki. GB 41 ne kwance a wata ɓoyayyiyar folda, AppData, wadda ko ka shekara kana buɗe kwamfuta ba za ka gan ta ba sai an ce ta fito. Kwafin wayoyi ne har huɗu. Ɗana yakan taimaka wa abokansa su adana abin da ke wayarsu, manhajar da yake yin hakan da ita kuwa kowace waya takan ware mata nata wurin. Raina ya ɓaci, na ce a goge duka. Mai shagon ya ce, "A'a Baba, wata ƙila cikin yaran nan akwai wanda wayarsa ta ɓata, wannan ne kaɗai ya rage masa." Ya kwashe su zuwa ɗaya sashen ma'ajiyar, wato D, ya ce in ba yaron mako guda ya tuntuɓi masu su. Wallahi maganar nan ta shige ni, domin amanar mutanen da bai taɓa gani ba ce ya tsare, kamar yadda ya tsare tawa.

Bidiyon da na goge kuwa suna nan zaune a kwandon shara, shi ya sa wurin bai ƙaru ba. Akwai kuma wani fayil, hiberfil.sys, GB 3 da wani abu, inda kwamfuta take juye aikin da ke hannunta idan batir ya kusa mutuwa. Wannan ya ce a bar shi, ganin yadda wuta take ɗaukewa a unguwarmu ga batirina ya tsufa.

Na daɗe ina zargin an cuce ni wajen saye, don a kwali an rubuta GB 256 amma ciki GB 238 nake gani. Ya ce ba cuta ba ce, masu ƙerawa da 1,000 suke lissafi, Windows kuma da 1,024. An raba wurin gida biyu, C da D, mu kuma komai C muke jibgawa, D na zaune kusan wayam. Ya karkatar da foldar takardu da ta hotuna da ta abin da ake saukowa daga intanet zuwa D, ya sa na maimaita a gabansa har sau biyu. Ƙaramin yaron shagon kuma ya hure ƙurar hunturu da ta toshe fankar, ba tare da na roƙa ba.

Kuɗin da ya karɓa bai kai wahalar da ya sha ba, na ƙara masa ya mayar mini. Mutanen Mabera da Gawon Nama da Arkilla da duk wanda ke da kwamfuta a gida, na ba da shaidar mutanen nan kan abin da na gani.

Malam, Allah Ya saka maka da alheri, Ya albarkaci sana'arka da yaranka, Ya jiƙan mahaifa. Shafuka huɗun nan na ajiye su a daren Talatar, na kuma ƙara shida a kansu.

Wassalam.

Naka,
Wani magidanci daga Mabera, Sakkwato