Rahoton Ayyukan Shekara Ga Membobin Ƙungiyarmu Ta Masu Wasan Hasken Leza

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da ganin ƙarshen wannan shekara lafiya. Shugaba ya ce in rubuto abin da muka yi in turo kowa ya karanta kafin zama na gaba, to ga shi.

Babban aikin bana dai shi ne awon ƙarfin leza, kusan shi ya cinye mana shekarar kuma ban ga asara a ciki ba. Kun san yadda muka daɗe muna yi, mutum ya sayo majigi a kwali an rubuta wat 3 ko wat 5, ya haska a bango ya ga ya yi kyau shi ke nan ya yarda. Ido kuwa ba mita ba ne. Idon ɗan adam ya fi kama kore, wajen nanomita 555 (nanomita shi ne ma'aunin tsawon zangon haske, wanda ke bambanta launuka), shi ya sa koren leza na 520 ko 532 zai yi maka kamar ya fi shuɗi na 445 ƙarfi nesa ba kusa ba alhali wataƙila shuɗin ya ninka shi, kuma shuɗin nan da kake gani dishi-dishi yana iya lalata ido nan take.

Da kuɗin karo-karo muka sayi mita mai auna zafi, wadda hasken ke sauka kan baƙin faranti ya zama zafi ita kuma ta karanta. Mun zaɓe ta ne don ba ta cika damuwa da launi ba, saɓanin mai fotodayod, wato ɗan abin da ke mayar da haske ya zama lantarki, da sai ka gaya mata tsawon zangon hasken tukuna, in ka haɗa ja da kore da shuɗi lokaci ɗaya kuma ta ba ka lambar banza, ga shi ƙarfi mai yawa yana cika ta. Sai dai tamu tana son haƙuri, sai ka saita ta a sifili, ka kashe fanka, ka janye hannunka daga kusa da farantin don ɗumin jiki ma tana ji, ka bar majigin ya ɗauki zafi na wasu mintuna, ka tsayar da hasken cak kada maduban cikin majigin su riƙa kaɗa shi, sannan ka jira lambar ta daina hawa. A zaman farko mun yi ta samun lambobi daban-daban a majigi ɗaya har an fara cewa mitar jabu ce, ashe fankar sama ce ke hura ta.

Abin da awon ya nuna bai yi wa wasu daɗi ba gaskiya. Majigai da dama ba su kai abin da aka rubuta a jikinsu ba, wani lokacin ƙarfin dayod ɗin aka rubuta, wato ɗan abin da ke samar da hasken a ciki, amma kafin hasken ya ratsa maduban haɗa launi da ƙananan maduban da ke kaɗa shi har ya fito tagar majigin an yi asara a hanya, don haka muka tsayar cewa a bakin taga za a riƙa awo, kowane launi shi kaɗai sannan fari. Tsofaffin koraye na 532 kuma akwai masu zubo hasken infared na 808 da 1064 da ido ba ya gani, mitar ta tara duka ta ce kore ne, sai da muka sa gilashin tacewa gaskiya ta fito. Wannan ya fi komai tayar min da hankali saboda yaran da ke taya mu ɗaukar kaya suna leƙa abin. Ƙurar hunturu ma ta yi nata, mun auna kafin goge taga da bayan gogewa an ga bambanci, haka zafin bazara yana rage ƙarfin ja sosai.

Zaman wayar da kai kan matakan haɗari na IEC 60825-1, wato ƙa'idar duniya ta kiyaye haɗarin leza, ya samu jama'a. Abin da nake so ya zauna shi ne duk abin da ya haura miliwat 500, wato rabin wat, mataki na 4 ne, matakin da ya fi kowanne haɗari, kuma kusan duk majiganmu can suke. Don Allah a daina haska fuskar mutane a wajen dina ko da ango ne ya roƙa, a ɗaga hasken sama da kawuna, a waje kuma kada a nufi sama inda jirgi ke wucewa.

Inda muka gaza, tabarau na kariya bai wadata ba kuma wasu ba su rufe dukkan launuka ba, littafin rubuta sakamako ma an yi sakaci da shi tun damina. Mitar kanta ana son a duba daidaitonta duk shekara, ba mu da kuɗin aika ta waje yanzu, shawarar da ke ƙasa ita ce mu samu sashen fizis na wata jami'a mu gwada tamu da tasu. Mitar tana hannun ma'aji, mai son awo ya zo da majiginsa da wayar ILDA, wato wayar da ke haɗa majigi da na'urar sarrafa shi, ranar zama, waɗanda ba su cika karo-karo ba kuma a taimaka a cika don tabarau za mu fara saya. Allah Ya kai mu.

Sakatare