Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga ɗalibar da ta yi tambaya a kan kalmar mawaƙi

Ƴata, bayan gaisuwa da fatan alheri. Na ji tambayar da kika aiko mini ta gidan rediyo a nan Damagaram, inda kika nemi sanin sunan da ya dace da mai tsara baitoci a rubuce, tunda a ganinki “mawaƙi” na masu kalangu da kotso ne, “sha'iri” kuwa baƙo ne.

Mawaƙi kalma ce ta gida, an gina ta daga “waƙa” bisa ƙa'idar da ta ba mu manomi da maƙeri da majemi, wato a sa “ma” a gaba, “i” a ƙarshe, sai a sami mai sana'ar. Mace mawaƙiya, jam'i mawaƙa. Babu abin da ke cikin ginin kalmar da ya ambaci ganga ko alƙalami.

Sha'iri daga Larabci ta zo, ta hannun malaman zaure. Tushenta “sha'ara”, ma'ana ya ji abu a ransa har ya gane shi, domin Larabawan dā suna ɗaukar sha'iri a matsayin mai tsinkayar abin da ya ɓuya ga sauran jama'a. Jam'inta ne sunan sura ta 26 a Alƙur'ani, Shu'ara'i, kuma da ita ake kiran Hassanu bin Sabit, sha'irin Manzon Allah (SAW). Ita kuwa “poète” ta Faransanci da kuka koya a lakwal asalinta Girkanci ne, tana nufin mai ƙera abu.

Ra'ayina shi ne kada ki ji nauyin kiran mai rubutacciyar waƙa mawaƙi. Na san inda ƙyamar ta samo asali: a fada da kasuwa an saba haɗa mawaƙi da makaɗi da maroƙi, shi ya sa wasu malamai suke gudun sunan. Amma rubutacciyar waƙar Hausa, tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƴarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, don rerawa ake tsara ta. Ana auna ta da karin aruli, wato ma'aunin waƙoƙin Larabci, a daidaita amsa-amonta, a rubuta da ajami, sannan a sa mata murya, har ta kai ga matan da ke cikin kulle da waɗanda ba su taɓa riƙe allo ba. Dubi Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙar Imfiraji: makaho ne, shi ke tsarawa a ka, wasu su rubuta masa. In muka nace sai “marubuci”, ina za mu ajiye shi?

Idan kina rubutun jarrabawa kuma ana son rarrabewa, ki ce mawaƙin baka ga irin su Mamman Shata, ki ce marubucin waƙa ko sha'iri ga irin su Sa'adu Zungur da Aƙilu Aliyu. Ki gaida malamanki.

Wassalam,
Malamin Hausa, unguwar Birni, Damagaram