Rahoton Ayyukan Shekara: Kiwon Kawa a Bakin Kogin Densu

Assalamu alaikum iyayenmu mata, yayye da ƙanne. Kwamitin gudanarwa na miƙa muku bayanin abin da ƙungiyarmu ta matan zango masu sana'ar kifi ta yi a shekarar da ta ƙare.

Kun tuna a babban taron bara aka amince mu gwada kiwon kawa, wato halittar ruwa mai ɓawo biyu da ake kira oyster da Turanci, ganin yadda kifin teku ke ƙara tsada, 'yan matanmu da yawa kuma suna zaune ba aikin yi. Abin da muka fara yi shi ne zuwa koyo. Wakilanmu sun je Tsokomey da Bortianor, yamma da Accra, inda kogin Densu ke haɗuwa da teku, suka zauna da matan da suka gaji sana'ar ɗibar kawa tun kaka da kakanni. Sun karɓe mu hannu bibbiyu, Allah Ya saka musu.

Aikin ba shi da wuyar ganewa. Ana wanke tsoffin ɓawon kawa, a huda su, a zira a igiya da ɗan tazara tsakaninsu, sannan a rataya a jikin katakon gora da aka kafa cikin ruwa. Ƙananan 'ya'yan kawa da ke yawo a ruwa sai su manne a jikin ɓawon, su ci gaba da girma a nan. Ba a sayen abinci ko kaɗan, domin kawa tace ruwa take yi ta samu abincinta. Wadda ta taɓa kiwon tarwaɗa ta san inda kuɗi ke tafiya, za ta gane girman wannan sauƙi. Ranar da aka ɗaga igiyoyin farko, mun ga ɓawon ya cika da ƙananan kawa kamar ƙumbar yatsa, wasu sun hau kan wasu, sai da aka zauna da wuƙa ana rarrabe su don su samu wurin girma.

Mun yi asara ma. Da damina, lokacin da aka saki ruwa daga madatsar Weija da ke kan kogin Densu, ruwan daɗi ya rinjayi na gishiri, igiyoyin da muka kafa can sama suka lalace. Waɗanda ke kusa da bakin teku sun tsira, don haka bana can za mu mayar da katakon.

Batun da ya fi ɗaukar hankalin kwamiti shi ne lokacin rufe kogi. Tun 2017 masu ɗibar kawa a Densu suka ɗora wa kansu dokar barin kogin ya huta wata biyar, daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Afrilu. Dokar tana da kyau, muna bayanta ɗari bisa ɗari, domin sai kawa ta samu sarari take girma ta yi tsoka. Matan Gambiya na ƙungiyar TRY, wadda aka kafa a 2007, da irin wannan tsari suka kai ga samun ikon kula da kawar dausayin Tanbi a 2012. Amma wata biyar babu shiga ba wasa ba ne ga macen da ke ciyar da marayu. Wasu daga cikin 'yan matan da muka horar sun koma talla kafin a buɗe kogi, kuma ba mu ga laifinsu ba. In ba mu tanadi abin da zai riƙe su a wannan tsakani ba, duk horon da muka bayar zai tafi a banza.

A nan ne ɓawon ya yi mana rana. Wani kaso ana mayar da shi cikin kogi don 'ya'yan kawa su samu abin mannewa, sauran kuma mun niƙa mun sayar wa masu kiwon kaji. Mun kuma sa hannu a dashen itatuwan manguruf masu tsirowa a bakin ruwan gishiri, waɗanda saiwarsu ce gidan kawa na asali.

Wasu mambobi sun tambayi hukuncin cin kawa. Mun kai tambayar ga malamai, suka ce a mazhabar Malikiyya halittun ruwa halal ne. Abin da ya rage gare mu shi ne tsafta: a wanke da ruwa mai kyau, a dafa sosai kafin a soya ko a busar, tunda duk ƙazantar da ke cikin ruwa kawa na tara ta a jikinta.

Ma'aji za ta karanta lissafin kuɗi filla-filla a zauren taro. Kwamiti na roƙon amincewarku da a ware wani kaso na adashinmu ya zama asusun watannin rufe kogi, a riƙa bai wa masu kiwon rance ba ruwa daga Nuwamba, su biya bayan girbin Afrilu. Duk mai son a sa 'yarta a horon bana ta ba sakatariya sunanta kafin a tashi taro.

Wassalamu alaikum.
Sakatariya, a madadin kwamitin gudanarwa