Wasiƙa zuwa Tokyo, kan jitocin nan biyu

Assalamu alaikum, mutumina Nasiru.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Mutanen gida duk lafiya lau, Hajiya ta ce a gaishe ka, ta kuma ce ka riƙa kiran waya.

Hotunan jitocin da ka turo daga shagunan Ochanomizu, unguwar masu sayar da kayan kiɗa a Tokyo, sun iso, na kuma zauna na dube su da kyau. Tunda ka ce in zaɓa tsakanin jan Teisco ɗin nan da Aria mai ruwan zuma, to ni Aria nake so, in dai wuyanta lafiya yake. Bari in faɗa maka dalili, don kada mai shago ya ruɗe ka da daɗin baki.

Dukansu biyu 'ya'yan zamani ɗaya ne. Bayan makaɗan Amurka The Ventures sun zagaya Japan a 1965, samarin ƙasar suka haukace da son jitar lantarki, masana'antu suka yi ta ƙera ta ba dare ba rana, suna kuma tura wa Amurka a kan farashi mai sauƙi. Teisco na cikin na gaba-gaba, har kamfanin Kawai ya saye shi a 1967. Ba na raina Teisco. Wasu daga cikin na'urorinta na ɗaukar sauti, masu ɗan ƙyalli ruwan zinariya, suna da murya mai kaushi da daɗi, har makaɗin Amurka Ry Cooder ya ɗora irinsu a jitarsa. Amma aikin katakonta sau da yawa na gaggawa ne, kuma yawan maɓallan nan da ke jere a jikinta, rabinsu kan mutu bayan shekara hamsin.

Aria ɗin kuwa, ka juya bayanta ka duba farantin ƙarfen da ya riƙe wuya. Alamun da na gani a hoton sun nuna aikin Matsumoku ne, masana'antar da ke garin Matsumoto a yankin Nagano. Ka san me suke yi kafin su taɓa jita? Teburan keken ɗinki na Singer suke ƙerawa. Kafintoci ne na gaske, waɗanda suka san busar da katako da haɗa shi da shafa masa fenti tun kafin su san tsirkiya. Shi ya sa da aka mayar da ƙera jitocin Epiphone daga Amurka zuwa Japan a 1970, su aka ba aikin. An rufe masana'antar a 1987, saboda haka abin da ya rage a duniya shi ke nan, ba ƙari. Wallahi ina jin zafin yadda ake kiran aikin mutanen nan kwaikwayo kawai. Siffar ta jitocin kamfanin Gibson na Amurka ce, ba musu, amma hannun da ya yi aikin nasu ne.

In mai shago ya ce maka jitar "zamanin shari'a" ce don ya ƙara kuɗi, kada ka saurare shi. Ƙarar da masu Gibson suka shigar a 1977, a kan mai rarraba jitocin Ibanez na Japan a Amurka ce, kuma a kan kwaikwayon siffar kan jita kaɗai, wato ƙarshen wuya inda ake ɗaure tsirkiya, aka sasanta ba tare da hukunci ba. Ba ruwan wannan Aria da ita.

Yanzu ga abin da nake so ka duba da idonka. Irin wannan jita cikinta kogo ne, kamar ƙoƙon gurmi, shi ke ba ta muryar nan mai zurfi da taushi ko ba a jona ta da wuta ba. Gibson ES-335 tana da guntun katako a tsakiyar cikinta, yawancin na Japan na wancan lokaci ba su da shi. Wannan ne ya sa suke da sauƙin ɗauka, shi ne kuma ya sa suke kuwwa in ka matsa kusa da amfilifaya ka ƙure murya. Kuwwar ba ta dame ni ba, a ɗaki zan kaɗa. Abin tsoro shi ne gindin wuya. Akwai ɗan katakon da aka manna da gam a ciki, wanda kusoshin wuya ke shiga. In gam ɗin ya saki, jan tsirkiya sai ya riƙa karkato wuyan gaba a hankali. Ka danne tsirkiya ta sama a farkon wuya da ƙarshensa, ka leƙa tazarar da ke tsakaninta da wuyan a tsakiya. Sannan ka dubi jakin da tsirkiyoyi ke hawa: in an sauke shi har ƙasa amma har yanzu tsirkiya na nesa da wuyan, ka ajiye ta ka yi gaba, ko nawa aka rage maka. Ka haska fitilar waya ta ramin nan mai lanƙwasa da ke fuskarta, ka ga ko akwai tsagewa ko sabon gam. Farin zaren robar da ya zagaye gefenta ma ka shafa shi, in yana marmashewa a hannu, gyaransa wahala ne.

Ka sa a jona maka ita, ka murɗa kowane maɓalli. Ɗan ƙaras-ƙaras ba komai ba ne, datti ne, zan wanke. Amma in ɗaya daga na'urorin sautin ta yi shiru gaba ɗaya, ka nemi ragi sosai, don duk wayoyin ta wannan ɗan ramin ake zaro su, aikin yini guda ne.

Sai maganar tahowa da ita. Jitar da ta shekara da shekaru cikin danshin Japan, in ta faɗo cikin hunturun Kano kai tsaye, katakon zai iya tsagewa. Ka sassauta tsirkiyoyin kafin ka hau jirgi, ka saya mata akwati mai tauri, ni kuma zan tanadi jiƙaƙƙen soso in ajiye a cikin akwatin har ta saba. Da so samu ne ka taho da ita hutun damina.

Ka gaya mini kuɗin da aka tsaya, zan ba ƙaninka ya tura maka. Ka gaida abokan zamanka. Allah Ya ba da sa'ar jarrabawa, Ya dawo mana da kai lafiya.

Naka,
Bala