A Daina Yi wa Masu Zane Duba da Sunan Freud

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida domin mu ja hankali kan wata ɗabi'a da ke damun mu a azuzuwan koyon zane da rubuce-rubucen masu sharhi. Ɗalibi zai manna aikinsa a bango, kafin ya buɗe baki wani ya riga ya yanke hukunci: jan launin nan fushi ne, rufaffiyar ƙofar nan tsoro ne, busasshiyar bishiyar kuwa maraici ne. In aka nemi hujja sai a ce ai Freud ne ya faɗa. Wannan duba ne kawai, kuma yana sa ɗalibi ya fara jin tsoron hannunsa.

Gaskiya ne Sigmund Freud, likitan nan na Biyana, ya koyar cewa mutum ba ya sanin duk abin da ke motsa shi. Akwai buri da tsoro da aka danne, waɗanda ke ɓullowa a mafarki da suɓutar baki da aikin hannu. Amma a littafinsa na mafarki na 1900 ya soki masu buɗe kundi su duba ma'anar kowace alama, ko da yake daga baya shi ma ya ɗan karkata can. Hanyarsa ita ce mai mafarkin ya yi ta faɗin duk abin da ya zo masa a rai, ba tacewa. Shi ya sa a 1937, da André Breton, jagoran 'yan Suriyalis na Faransa, masu fasahar da ke ɗauko aikinsu daga mafarki, ya nemi gudummawarsa a wani kundin mafarkai, Freud ya ƙi, domin a wurinsa mafarkin da ba a ji bayanin mai shi ba ba ya gaya masa komai.

Inda ya karya wannan ƙa'ida kuwa ya yi tuntuɓe. A 1910 ya yi nazari kan Leonardo da Vinci, mai zanen nan na Italiya, wanda ya rasu tun 1519. Leonardo ya taɓa rubuta cewa yana jariri wata tsuntsuwa ta sauko ta buɗe masa baki da jelarta. Fassarar Jamusancin da Freud ya karanta ta ce ungulu ce. Nan ya kafa gininsa: a rubutun Misirawan dā hoton ungulu yana nufin uwa, don haka labarin na Leonardo ne da mahaifiyarsa. A 1913 abokinsa Oskar Pfister ma ya ce ya hango ungulu a naɗin tufafin Maryama, cikin zanen Leonardo da ke gidan tarihi na Louvre. Sai a 1923 masanin tarihin fasaha Eric Maclagan ya nuna cewa kalmar Italiyancin, nibbio, shirwa take nufi. Ungulun da aka hango a tufafi tana cikin idon mai kallo ne, ya shigo da ita daga littafin da ya karanta.

Nan ne amfanin ilimin yake ga mai zane. Mai kallo ba ya zuwa da ido fanko, yana jingina wa hoto abin da ke ransa. Likitan ƙwaƙwalwa Hermann Rorschach ya nuna haka a 1921 da katuna 10 na ɗigon tawada: kati ɗaya, wannan ya ga jemage, wancan ya ga malam-buɗe-littafi. Masana na jayayya kan yawancin da'awar Freud, amma wannan kowane malami yana ganinsa a ajinsa. Abin yi shi ne a tsara sharhi yadda zai raba abin da ke kan takarda da abin da ke cikin kai.

Ga yadda yake tafiya da aji na mutum 10 zuwa 12. A manna aikin daidai tsayin ido, kowa ya yi shiru minti 2. Sannan kowa ya raba takardarsa gida uku ya rubuta: abin da ido ya gani wanda za a iya nunawa da yatsa, abin da ya ji a jikinsa, da abin da aikin ya tuna masa. Sai an gama rubutu a fara magana, domin da zarar mutum ɗaya ya ce “na ga gawa”, sauran ba za su ƙara ganin wani abu ba. Malami ya zama na ƙarshe da zai yi magana cikin masu kallo, saboda ɗalibi yakan ɗauki maganarsa kamar ta uba, ya bi ko ya yi tawaye, duka biyun ba kallo ba ne. Mai aikin ya yi magana bayan kowa, kuma yana da ikon yin shiru. Ƙa'ida ɗaya ba a ɗaga ta: a ce “wannan layin ya sa na ji ƙunci”, ba a cewa “kai kana cikin ƙunci”. Idan ɗalibi ya faɗi abin da ke nuna yana cikin damuwa mai tsanani, a tsayar da sharhin, a keɓe da shi, a haɗa shi da ƙwararre. Malamin zane ba likitan ƙwaƙwalwa ba ne.

Wajen yin aikin kansa, zanen sakin hannu, wato barin fensir ya yi yawo ba tare da shiri ba, da mai zane André Masson ya fara a wajajen 1924 yana warware hannun da ya sandare. Ana buƙatar takarda mai girman A3 guda 10, fensir mai laushi 4B ko 6B ko gawayi, ba magogi. Minti 3 kan kowace takarda, kada a ɗaga fensir, kada a nufi zana wani abu. A ajiye su sai washegari, a jera a bango, a ja baya kamar mita 2, sannan a zaɓi ɗaya ko biyu da za a ci gaba da su. Matsala biyu ke ɓata shi. Ta farko, hannu yakan koma lanƙwasar da ya saba, takardu goman su fito iri ɗaya. Wannan sabo ne na wuyan hannu, ba wani sirrin zuciya ba. Maganinsa a koma ɗaya hannun, ko a ɗaura fensirin a sanda mai tsawon rabin mita. Ta biyu, da zarar fuska ta fara bayyana sai mutum ya shiga ƙarasa ta, shi ke nan lissafi ya dawo. A kau da ido daga takardar har lokaci ya cika.

Dabarar guga da mai zane Max Ernst ya samo a 1925 daga katakon daɓen ɗaki, wato a ɗora takarda kan katako a goga fensir har zanen jikinsa ya fito, ita ma haka. Takarda ta zama siririya, mai nauyin giram 60 zuwa 80 a kowace murabba'in mita, don mai kauri ba ta ɗaukar zanen katako. A manne kusurwoyi huɗu da salatif, in ta motsa hoton zai ninku. A kwantar da bakin fensir a gefe, a goga ta fuska ɗaya.

Masu tsara tambari da talla su ma su yi hattara. Labarin James Vicary, mai binciken kasuwa na Amurka, na 1957, cewa ya cusa saƙon ɓoye a fim ciniki ya ƙaru, shi da kansa ya amsa a 1962 cewa ba shi da hujjar da za ta tsaya, amma har yau ana koyar da shi. Maimakon ɓoye alamu, a nuna tambarin ga mutum 6 zuwa 8, ɗaya bayan ɗaya, daƙiƙa 5, a rufe, a tambayi “me ka gani?” Kada a tambayi “ya yi kyau?”, don kunya za ta amsa. In uku cikinsu suka ga abin da ba a nufa ba, a koma kan siffar a gyara.

Muna roƙon Edita, duk sharhin zane da za a buga, a nemi marubucin ya nuna ainihin wurin da ya ga abin da yake faɗa, kuma in mai zanen yana raye a ji ta bakinsa.

Wassalam,
Wasu malaman zane da tsara hoto