Kwana Uku a Karkarar Lankasta

Zuwa ga Baba da Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ku da Yaya da iyalinta da ƙannena duka. Mu ma nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Surukarku tana gaishe ku da kyau, jikokinku kuma ba sa kwana biyu ba su tambaye ku ba. Na san waya ta fi sauri, amma abin da ke bakina ba zai shiga cikin minti biyar ba, ga katsewar layi. Shi ya sa na zauna na rubuta, auta ya karanta muku a tsanake bayan sallar isha'i.

Baba, tun zuwana Amurka tambaya ɗaya kake maimaita mini: shin mutanen nan suna noma kuwa, ko komai daga kanti yake fitowa? Nakan ce suna yi, amma da ka nake faɗa, don shekara bakwai ina Filadelfiya ban taɓa taka gona ba. To, a watan Agusta, kafin a koma makaranta, na ɗauki hutun kwana uku na kwashi iyali muka nufi gundumar Lankasta. Ita ma a jiharmu ta Fensilbaniya take, yamma da mu, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi a mota. Yau na zo maka da amsar da idona ya gani.

Muna barin babbar hanya ƙasa ta buɗe. Tudu da gangare a hankali, masara kore shar ta fi tsayin mutum, ta yi goyo, ga fararen rumbuna dogaye kamar hasumiya a kowane gida, ga shanun madara baƙi da fari suna kiwo. Ƙasar wurin tana kan dutsen farar ƙasa ne, tana da ƙarfi, ruwan sama kuma yana isar ta, har ana sa ta cikin mafi albarkar ƙasashen noma na Amurka da ba a yi wa ban ruwa. Na tsayar da mota a gefen hanya na damƙi ƙasar da hannuna na shinshina. Takwaranka ya tsaya yana kallona, bai gane abin da nake yi ba.

Ranar Alhamis ta yara ce. Mun fara da wani ɗan gari, Strasburg, inda ake da layin dogon da aka ba wa izinin aiki tun 1832. Ya kusa mutuwa, sai wasu masu ƙaunar jirgin ƙasa suka haɗa kuɗi suka saye shi a 1958. Har yau kan jirgin kwal yake ci, tururi ke tura shi, taragwansa na katako ne masu sheƙi. Tafiyar minti 45 ce zuwa da dawowa, ta tsakiyar gonaki, zuwa kusa da wani ƙauye da sunansa da Turanci yake nufin Aljanna. Da jirgin ya yi kuka, takwararki, Inna, ta toshe kunne ta faɗa jikin uwarta, can kuma ta ɗago tana cewa a sake. A tsallaken titi akwai gidan tarihin jiragen ƙasa na jihar, da kawunan jirgi da taragwai fiye da 100. Da ƙyar muka ciro yaron daga ciki.

Da yamma muka shiga wata gonar wasan yara da ke bakin layin dogon, inda suka yanka hanyoyi masu ruɗarwa a cikin masara, a shiga a nemi mafita. Mun yi kusan awa guda muna zagaye. Yara sun ba awaki abinci a tafin hannu, sun riƙe 'yan tsaki. Abin ya taɓa mini zuciya, ganin sai na biya kuɗi kafin jikanka ya san ɗumin ɗan tsako a hannunsa.

Juma'a muka yi sammako zuwa birnin Lankasta, don babbar kasuwarsu Talata da Juma'a da Asabar kawai take ci. Tun 1730 ake cin kasuwa a wurin, ginin jan bulon da take ciki yanzu kuwa na 1889 ne. Manoma ne da kansu a bayan tebur, da tumatir da kabewa da zuma da cuku. Wani abin mamaki, wannan ƙaramin birni ya taɓa zama babban birnin Amurka na kwana ɗaya tak, ranar 27 ga Satumba 1777, lokacin da majalisarsu ta gudo daga Filadelfiya saboda sojojin Ingila. Akwai Musulmi a garin, da su muka yi Juma'a, alhamdu lillahi.

Bayan sallah muka wuce Lititz, gari ne tsaf-tsaf mai gidajen dutse, da marmaro a tsakiyar lambu inda agwagwa ke iyo. Wasu Kiristoci da ake kira Morabiyawa suka kafa shi a 1756, kuma kusan shekara 100 ba mai zama a cikinsa sai ɗan cocinsu. Suna da makarantar kwana ta 'yan mata da asalinta ya koma 1746, har yau ana karatu a ciki. Akwai kuma tsohon gidan gashi na 1861, inda aka koya wa yara murɗa kwaɓaɓɓiyar fulawa a yi wani abin marmari mai gishiri da suke kira firetsal. Washegari da yamma mun leƙa filin lilo mai fuskar gidan sarauta da ke bakin babbar hanya. Yara sun ji daɗi, amma irinsa akwai ko'ina, ba sai na cika ku da labarinsa ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne mutanen da ake kira Amish.

Tun ranar farko muke cin karo da su a hanya cikin keken doki mai ruwan toka, da jan alama mai kusurwa uku a baya don masu mota su rage gudu. Mazansu da malafa da baƙin wando, wanda ya yi aure ya bar gemu ya aske gashin baki. Matansu da dogayen riguna marasa ado, kai a rufe, har ƙananan yara. Surukarku ta ce tun da ta zo ƙasar nan, nan ne wuri na farko da ta ratsa kasuwa da mayafinta ba ta ji idon kowa a kanta ba.

Kiristoci ne, asalinsu daga Suwizalan da yankunan da ke maƙwabtaka da ita. Sunansu ya samo asali daga wani malaminsu, Jakob Ammann, wanda ya ware da mabiyansa a 1693. An tsananta musu a Turai saboda aƙidarsu, ciki har da ƙin ɗaukar makami, sai suka yi hijira zuwa Fensilbaniya, wadda William Penn ya kafa a kan cewa kowa ya yi addininsa. Tun shekarun 1730 suke zuwa. Yanzu a yankin Lankasta kaɗai sun haura 40,000, kuma ƙaruwa suke yi.

Baba, da idona na ga mutum a tsaye yana riƙe da linzami, alfadarai shida a jere suna jan injin yankan ciyawa, 'ya'yansa uku suna biye ba takalmi. A Amurka fa, ƙasar da ta kai mutum duniyar wata. Kuma ba talauci ba ne, gonar da yake tsaye a kai ta fi ƙarfin aljihun yawancin mutanen birni. Suna da tarakta, amma ƙafafunta na ƙarfe ne, a gindin rumbu take aiki, ba ta shiga huɗa. Ba sa jawo wutar lantarki daga turakun gwamnati, sai dai fitilar gas da batir, da injin dizal mai sanyaya madara. Suna shiga motar haya in tafiya ta yi nisa, amma ba sa mallakar mota. Da farko na ɗauka tsoron zamani ne. Da na saurara sai na fahimci lissafi suke yi: duk abin da ya zo, sai sun auna ko zai haɗa gida ko zai raba shi. Mai mota yana iya kwana a wani gari, ya yi abokai a can, ya manta maƙwabcinsa. Doki kuwa iyakarsa 'yan kilomita, dole ka dawo inda aka san ka. Ba su da ginin coci ma. Duk bayan mako biyu ake taruwa a gidan ɗayansu, a ɗauko bencina a keken doki, a yi ibada a ci abinci tare. In rumbun wani ya ƙone, maza su taru su tayar masa da sabo cikin 'yan kwanaki.

Ba komai nasu na yarda da shi ba. Yaransu a aji takwas suke tsayar da karatu, a makarantunsu masu ɗaki ɗaya, kuma Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar musu da wannan dama a 1972. Ni dai ba zan yi wa 'ya'yana haka ba. Kai ka sayar da abin hannunka don in yi karatu, na san darajarsa. Sannan na ji nauyin yadda wasu baƙi suke cusa musu kyamara a fuska, alhali addininsu bai yarda da ɗaukar hoton fuska ba. Na hana yara ɗauka, shi ya sa a hotunan da na turo wa auta ba za ku ga mutum ba, sai gona da doki da gadojin katako masu rufi. Rufin nan, ashe, don kada ruwa da ƙanƙara su ruɓar da katakon ne. Akwai irinsu fiye da 20 a gundumar.

Ranar Asabar da safe muka bar hanyar masu yawon buɗe ido muka bi ƙananan hanyoyi bayan wani ƙauye, Bird-in-Hand. Sunan daga wani karin maganarsu yake, daidai da namu na ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. A ƙofar gidaje da yawa za ka ga ɗan tebur da masara ɗanya da ƙwai da furanni, an rubuta farashi, ga gwangwani a gefe, ba kowa a wurin. Ka ɗauka, ka saka kuɗi, ka ɗauki canjinka da kanka. Na sa takwaranka ya ƙirga dalolin ya saka da hannunsa, don ya gani ya riƙe.

A wani gidan muka tarar da matar gidan da kanta tana sayar da burodi da kayan gashi. Surukarku ta tambaye ta ko akwai kitsen alade a ciki, don mutanen yankin suna yawan amfani da shi. Ba ta ɓoye ba, ta nuna wanda akwai ta ture shi gefe, ta miƙo mana wanda aka yi da man shanu. Muna tsaye sai ga 'yarta, ba za ta wuce shekara biyar ba, ta ruƙo rigar uwar tana magana da wani harshe da ban taɓa ji ba. Wani reshe ne na Jamusanci da kakanninsu suka zo da shi. Uwar ta ce mana yarinyar ba ta iya Turanci sosai ba tukuna, sai ta shiga makaranta. A gida harshensu, a makaranta Turanci, a wurin ibada kuma tsohon Jamusanci na littafinsu. Duk wanda ba nasu ba, ko daga ina ya fito, "Ingilishi" suke ce masa. Ni ma da baƙar fatata haka nake a wurinsu.

Sai na juya na ce wa takwararki da Hausa ta gaishe da yarinyar. Ta amsa mini da Turanci. Matar ta tambaye ni wane harshe ne wannan, na ce Hausa, harshen uwata da ubana, mutane miliyoyi ke yin sa. Ta yi murmushi ta ce, "Yaran suna yin sa?" Ba da wata manufa ta yi tambayar ba. Inna, sai na rasa abin cewa. Suna ji, amma ba sa mayarwa. Babban yana iya haɗa jimla biyu ko uku, ƙaramar kuwa daga "sannu" sai "na gode". Mutanen nan kusan shekara 300 suna zaune a tsakiyar Turanci, talabijin da manyan kantuna sun kewaye su ta ko'ina, amma 'yar shekara biyar da harshen kakanninta take kiran uwarta. Mu shekara bakwai kacal. Ba wanda ya hana mu. Gajiya ce kawai: in dawo daga aiki, yaro ya yi mini Turanci, in ga ya fi sauƙi in amsa masa da shi.

A hanyar dawowa yara suka yi barci a baya, ni da uwarsu muka yi ta maganar har muka shigo gari. Mun yanke cewa daga ƙofar gida zuwa ciki ba sauran Turanci, sai in aikin makaranta ake yi. Yau kwana 19 ke nan. Akwai kuka, akwai fushi, ran nan ƙaramar ta ƙi cin abinci don na ce sai ta roƙi ruwa da Hausa. Amma shekaranjiya na ji ta tana rarrashin 'yar tsanarta tana cewa "yi shiru, yi shiru", sai na fita baranda na tsaya har idona ya bushe.

Saboda haka ina da roƙo. Inna, don Allah ko sau ɗaya a mako auta ya riƙe miki waya ki yi musu tatsuniya, irin waɗanda kike mana, ya turo muryar. Kada ki sauƙaƙa musu kalmomi, ki yi yadda kika saba, ni zan fassara abin da ya shige musu duhu. Baba, kai kuma takwaranka yana da tambaya. Tun da ya ga alfadaran nan yake son sanin yadda ake koya wa dabba jan garma, kuma wata nawa take ɗauka kafin ta miƙe layi. Na ce ba ni zan amsa ba, kakansa zai tambaya, kuma da bakinsa. Yana ta haddace tambayar. Ranar Lahadi bayan la'asar ɗinku za mu kira, in Allah ya yarda. Ka yi haƙuri da shi in harshen ya karye.

A gaishe mini da Yaya da maigidanta, da Kawu, da Gwaggo da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. A ci gaba da sa mu a addu'a.

Wassalam.

Ni ne ɗanku mai ƙaunarku.